Martha Ballard, ungozomar bakin kogin Kennebec

Wata rana cikin watan Afrilu na 1789, ana sheƙa ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, aka zo kiran Martha Ballard a garin Hallowell: matar wani maƙwabci tana kan gwiwa. Shekarunta 54 a lokacin. Ta shiga kwalekwale ta haye kogin Kennebec igiyar ruwa tana wurgi da su, ta tsallake wani rafi a kan gungumen itatuwan da ke yawo bisa ruwa, sannan ta hau doki. Ba ta yi nisa ba iska ta tumɓuke wata ƙatuwar bishiya ta kayar a gabanta, dokin ya zabura ya ja da baya. Wani mutum ya taimaka mata ta ƙetare bishiyar. A gaba kuma ta tarar ruwa ya tafi da gada, sai da aka taimaka mata ta ratsa rafin. Ta isa gidan jiƙe sharkaf, matar ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Da ta zauna rubuta abin da ya faru, a layuka kaɗan ta gama, kuma sau biyu a cikinsu ta tsaya tana gode wa Allah da ya tsare ta.

Hallowell ƙaramin gari ne a yankin Maine, can arewa maso gabashin Amurka, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Massachusetts. Ƙidayar 1790 ta samu mutanensa ba su cika 1,200 ba, a warwatse a gaɓa biyu na kogi. Babu gada a kan Kennebec sai 1797. Da bazara kwalekwale ake shiga, da hunturu a taka ƙanƙara a wuce, tsakanin biyun kuwa, lokacin da ƙanƙarar ke farfashewa, kowa ya san ransa yake ɗauka a hannu. A irin wannan wuri matar nan ta yi shekara 27 tana rubuta abin da ta yi kowace rana, daga 1 ga Janairu 1785 zuwa 7 ga Mayu 1812. Masu bincike sun ƙirga kwanakin da ta rubuta, suka kai 9,965. Da ba don wannan littafi ba, abin da duniya za ta sani game da ita bai wuce ranar haihuwarta, ranar aurenta da ranar rasuwarta ba, su ma biyu daga ciki a jingine da sunan mijinta.

An haife ta a 1735 a garin Oxford na Massachusetts, sunanta na gida Martha Moore. Gidansu gidan manoma ne masu rufin asiri, masu riƙe da addini. Ƙanenta Jonathan an tura shi Harvard, ya fito ya zama fasto. Ita kuwa, kamar sauran 'yan matan zamaninta, abin da ta samu shi ne karatun Littafi Mai Tsarki, ɗan rubutu, da sanin kaɗi da saƙa da magungunan lambu. Duk wanda ya duba rubutunta zai ga kalma ɗaya ta rubuta ta iri biyu ko uku a shafi guda. Wannan bai hana ta riƙe lissafi daidai ba.

Ranar 19 ga Disamba 1754 aka ɗaura mata aure da Ephraim Ballard, tana da shekara 19, shi kuma ya girme ta da shekara goma. Mai injin niƙa ne, daga baya kuma ya yi suna a aikin safiyo. Aure a wannan yanki ba a cika yinsa cikin coci ba. Kakanninsu da suka baro Ingila a ƙarni na 17 sun ɗauki aure a matsayin yarjejeniya ta gari, don haka alƙali ne ke ɗaura shi, yawanci a ɗakin gidan iyayen amarya, sai can ƙarshen ƙarnin aka yarda fastoci su ma su riƙa ɗaurawa. Abin da doka ta fi matsawa a kai shi ne sanarwa: a kafa sunayen masu niyyar aure a bainar jama'a, ko a shelanta su a taro, domin mai ja ya fito tun da wuri. Daga ranar da aka ɗaura kuwa, a idon doka, dukiyar mace da guminta sun shiga ƙarƙashin sunan miji. Ba ta jefa ƙuri'a a taron gari, ba a cika ganin sunanta a littafin bashi na kanti ba. Wannan ne ya sa takardun hukuma na wancan zamani, idan mutum ya karanta su kaɗai, zai ɗauka maza ne zalla suka gina garin.

Ta haifi 'ya'ya tara tsakanin 1756 da 1779. A bazarar 1769 annobar mashaƙo ta afka wa Oxford, cutar nan da ke toshe maƙogwaron yara, wadda ta sake addabar Kano da maƙwabtanta a 2023. A wancan zamani babu rigakafi, babu magani. Garin ya rasa mutum 144, yawancinsu yara. Cikin mako uku da bai cika ba Martha ta binne 'ya'yanta mata uku: Triphena mai shekara huɗu, Dorothy mai biyu, da takwararta Martha mai takwas. Tana ɗauke da tsohon ciki a lokacin, kuma a watan Agusta ta haifi Hannah. Shekaru da yawa bayan haka, a wani gari dabam, idan ranakun suka zagayo takan rubuta a littafinta cewa yau shekara kaza da rasuwar 'yarta wance. Ba ta ƙara komai a kai. Ni a ganina duk wanda ke son fahimtar abin da ya sa wannan mata ke kwana a gefen gadon yaran mutane, daga nan ya kamata ya fara.

A 1775 Ephraim ya haura Maine neman ƙasa. Lokacin ya zo daidai da yaƙin neman 'yancin Amurka, aka zarge shi da goyon bayan Sarkin Ingila, filin da ya kama ya suɓuce masa. A ƙarshen 1777 Martha ta biyo shi da yara suka zauna Hallowell, ya karɓi hayar injin niƙa da na yanka katako waɗanda ruwan rafi ke juyawa. A shekarar da ta biyo baya ta karɓi haihuwarta ta farko a matsayin ungozoma.

Littafin nata ba na bayyana abin da ke cikin zuciya ba ne. Kowace rana da yanayin sama take farawa: an yi rana, an yi dusar ƙanƙara, iska daga arewa. Sai wanda ya zo gidan, wanda ya kwana, abin da aka shuka, yadi nawa aka sauke daga masaƙa. Idan ta karɓi haihuwa takan sa lamba a gefen shafi, ta rubuta sunan uban jaririn da kuɗin aiki, idan an biya ta yi alamar XX. Ladanta na yau da kullum sule shida ne, abin da ya yi daidai da na yinin mijinta a aikin safiyo. Wani ya biya da tsabar kuɗi, wani da sukari, wani da cuku ko yadi ko katakon rufi, wani sai bayan shekaru, wata matalauciya kuma ta yafe mata.

Cikin shekarun littafin ta karɓi haihuwa 816, idan aka haɗa da na kafin ta fara rubutu sun doshi dubu. Babu mace ko ɗaya da ta mutu a hannunta a kan gwiwa. Biyar ne suka rasu a kwanakin jego. Asibitocin haihuwa na Landan a wancan ƙarni ba su kai ga haka ba, domin zazzaɓin jego yakan bi ɗakunansu gado bayan gado. Kada dai mai karatu ya ɗauki wannan hujjar ƙin asibiti: mace biyar cikin dubu adadi ne mai nauyi ƙwarai idan aka auna da abin da asibiti mai kayan aiki ke iya yi a yau. Abin lura shi ne yadda ta kai ga hakan da hannu biyu kawai. Haƙuri ne da sanin lokacin jira. Ba ta aiki ita kaɗai: idan naƙuda ta kankama sai a aika a kira matan maƙwabta, uku ko huɗu ko fiye, su riƙe mai haihuwa, su kula da wuta, bayan an sauka a ci abinci tare, wani lokaci a kwana a nan. A cikin waɗannan matan ne wata ungozomar ke tasowa a hankali, ta shekara da shekaru tana kallo kafin a fara kiranta da kanta.

A 1794 ta haɗu da wani matashin likita, Benjamin Page, a kan wata mai haihuwar fari. Ya ɗauka naƙudar ƙarya ce, ya ɗiga wa matar ɗigo 20 na maganin barci da ake haɗawa da ofiyom, naƙudar da ta fara kyau ta tsaya cik har zuwa yamma. Martha ta rubuta abin da ya yi, ta jira, ta karɓi ɗa namiji lafiya. Ba gaba take yi da likitoci ba. Idan abu ya fi ƙarfinta takan ce a kira su, su ma sun gayyace ta ta tsaya a wurin da suke buɗe gawa don gano musabbabin mutuwa, ta kuma rubuta abin da ta gani a cikin jikin dalla dalla.

Haihuwa ma kashi ɗaya ce ta aikin. A watan Agusta na 1787 wani zazzaɓi mai feso da jajayen ƙuraje da ciwon maƙogwaro ya shiga garin. Cikin mako uku ta karɓi haihuwa huɗu, ta je duba marasa lafiya sau goma sha shida, ta yi wa gawa uku wanka da sutura, ta ciro ganyayen magani ta shanya, kuma a cikin kwanakin ne injin katakon mijinta ya ƙone ƙurmus. Ɗaya daga cikin gawarwakin ta wani yaro ce da ta kwana tana jinya, uwarsa kuma tana da tsohon ciki, kamar yadda ita ma take a 1769.

A bayan duk wannan akwai wata kasuwa da babu ita a littafin kowane ɗan kasuwa. Gidan Ballard na da masaƙa. Ana noma tsiron da ake yin lilin da shi, a jeme, a kaɗa, 'yan matan gidan su saƙa. Maƙwabciya ta kawo zarenta a saƙa mata, ta biya da ulu ko da aikin yini. Wata ta karɓi irin kabeji ta kawo toka ta yin sabulu. Wata ta aiko 'yarta ta zauna wata shida tana taya aiki tana koyon saƙa. Da wannan ne Martha ke samun sukunin fita tsakar dare: akwai 'yan mata a gida masu tatsar saniya da dafa abinci. Magatakardan garin, Henry Sewall, shi ma yana da nasa littafin na kullum a daidai waɗannan shekaru, cike da taron gari da rikicin coci da zaman kotu. Martha ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansa, amma da ƙyar sunanta ke fitowa a shafukansa. Gari ɗaya, mutum biyu suna rubutu, sai an haɗa littattafan biyu ake ganin garin.

Ranar Lahadi kuwa ta ɗakin ibada ce, idan kogi ya bari kuma babu mai naƙuda. Cocinsu irin wanda jama'ar gari ke zaɓen fastonsu da kansu ne, kuma daga harajin gari ake biyansa, saboda haka rikicin aƙida kan zama rikicin siyasa nan take. Martha takan rubuta wanda ya yi wa'azi, wani lokaci da ayar da ya ɗauka, da yaran da aka yi wa baftisma, yawancinsu ita ta fara riƙe su a duniya. Ba ta shiga gardamar malaman addini. Imaninta a wurare biyu yake fitowa: godiya idan ta tsira daga kogi ko mai haihuwa ta sauka, da roƙon haƙuri idan abu ya yi mata nauyi. Sau da yawa tana kiran Allah da sunan Mahaliccin da ke riƙe da kowa kamar uba.

A 1786 garin ya ɗauki wani matashin fasto, Isaac Foster. Martha na son wa'azinsa, ta kuma shaƙu da matarsa Rebecca. Sewall da jama'arsa suka ce aƙidar Foster gurɓatacciya ce, aka yi ta shari'a, a ƙarshen 1788 aka sallame shi. A watan Agusta na 1789, mijin ya yi tafiya neman wani aikin, Rebecca ta shaida wa Martha cewa wasu maza sun shigo mata gida sun yi mata fyaɗe, kuma cikinsu har da Joseph North, alƙali, kanar na mayaƙan sa-kai, ɗaya daga cikin manyan garin. Abin da Martha ta fara yi shi ne ta roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, domin maganar za ta iya hallaka ta. Wannan shawara tana ci mini rai duk lokacin da na tuna ta, domin na san ta, kowa a cikinmu ya san ta, har yau ita ake fara ba yarinyar da aka zalunta. Martha ba muguwa ba ce. Ta san garinta ne, ta san wanda za a gaskata. Amma da magana ta fito aka kira ta shaida, ba ta noƙe ba. Ta koma littafinta ta duba ranakun, ta rubuta duk abin da Rebecca ta gaya mata, ta faɗe shi a gaban hukuma. A watan Yuli na 1790 ta bi jirgin ruwa zuwa Pownalborough inda babbar kotu ta zauna. Aka wanke North. Ta rubuta cewa duk wanda ta ji yana maganar ya yi mamakin hukuncin. Bayan wannan rikici ta daɗe ƙwarai ba ta taka ɗakin ibadar ba, ko da yake addu'a ba ta yanke a littafinta ba. Sai da aka sami sabon fasto, Daniel Stone, a 1795, al'amuran cocin suka daidaita.

Bukukuwan 'ya'yanta ne ke nuna mana yadda aure yake a wannan gari. A 1792 aka yi uku a gidanta. Na farkon bai zo da daɗi ba. Wata doka ta Massachusetts tun ta 1668 ta ɗora wa ungozoma cewa idan mace marar aure tana haihuwa, a daidai lokacin da naƙuda ta fi tsanani, ta tambaye ta wane ne uban, domin an ɗauka a wannan hali mace ba za ta yi ƙarya ba, kuma domin a san wanda zai ɗauki nauyin ɗan. A watan Oktoba na 1791 aka kira Martha wurin wata budurwa, Sally Pierce. Ta yi tambayar da doka ta ce. Sally ta ce Jonathan ne, ɗan Martha na cikinta. Martha ta rubuta haka a littafinta da hannunta, ba ta sauya ko harafi ba. A watan Janairu Jonathan ya auri Sally. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a garin: cikin haihuwar fari 106 da ta karɓa, 40 an ɗauki cikinsu kafin ɗaurin aure, yawancinsu kuma an yi auren kafin a haihu. Mutanen coci ne, sun san laifi ne, amma hankalinsu ya fi karkata ga kada a bar yaro babu uba.

Auren Hannah da Moses Pollard an ɗaura shi ne ranar 28 ga Oktoba, da yamma, a gida, alƙali ya ɗaura a gaban 'yan uwa kaɗan. Makonni uku bayan haka aka ɗaura na Parthenia, 'yar 'yar'uwarta da ta tashi a hannunta. Babu kiɗa, babu taron ɗaruruwa. Kashegari amarya ta koma kan masaƙa. Ango yakan zo ya kwana ya koma wurin aikinsa, amarya kuwa tana gidan iyayenta har mako shida, ana ɗinka barguna, ana saƙa zannuwan gado, ana sayo tukwane da cokula ɗaya bayan ɗaya. Sai da kayan ɗaki suka kammala ta tare, a tsakiyar Disamba. Taron da ya fi armashi ma shi ne na ɗinkin bargo, inda 'yan mata ke yini suna aiki, samari su zo da yamma a sha shayi a ɗan taka rawa. Ƙarfinsu a kan abin da amarya za ta zauna da shi suke zuba shi, kuma mafi yawansa da hannunta ta yi.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Wace unguwa ce a ƙasar Hausa ba ta da irin wannan mata? Tsohuwar da ake bugun ƙofarta da asuba, wadda ta yanke cibiyar rabin yaran layin, ita ce kuma ake kira idan za a yi wa mace wankan gawa, ita ke riƙe da adashi, ita ta san wanda ya sha nonon wa. Idan ta rasu a yi addu'ar uku da ta bakwai, jikoki su ce Allah ya jiƙan Iya, shekara ashirin bayan haka babu mai iya faɗin sunan mahaifinta ko garin da aka auro ta. Muna da shaidar abin da ake samu idan aka zauna aka saurari irinsu. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 ta rasu a 1951, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Har gobe duk mai son sanin yadda matan karkara suka ga harin bayi, da zuwan Turawa, da aure da kishi da ƙawance, wurinta yake komawa. Tsohuwa ɗaya ke nan, ita ma don wata baƙuwa ta tambaye ta. Yau kusan kowane gida akwai waya mai ɗaukar murya da ɗalibin da ya iya boko ko ajami. Abin da ya rage shi ne a yarda cewa lissafin kaka na wa ta karɓa, me aka biya ta, wace shekara kyanda ta kwashe yara, tarihi ne, kuma a tambaye ta tun tana iya amsawa.

Tsufan Martha bai zo da hutu ba. 'Yan matan gida duk sun yi aure, 'yan aiki ba sa zama, ga wanki da girki sun dawo kanta tana da shekara sittin da ɗoriya. A 1795 wasu talakawa da suka share daji suka zauna, waɗanda ke ganin safiyo a matsayin ɗan aiken masu ƙwace musu ƙasa, suka rufe fuska suka tare Ephraim cikin dare da bindigogi, suka lalata masa kayan awo da takardu. A watan Janairu na 1804 kuma aka kulle shi a kurkukun masu bashi, yana dab da shekara 79, saboda shi ne mai karɓar harajin gari kuma dala 800 ba su shigo ba. Ya yi wata goma sha bakwai. Da rana ana barinsa ya zaga cikin gari, da dare ya koma ya kwana a tsare, gidansa kuwa yana wajen iyakar da aka yanka masa.

Waɗannan watanni su ne mafi ɗaci a littafin. Itacen hura wuta aikin maza ne, kuma a hunturun Maine rashinsa na iya kisa. Tsohuwa mai shekara kusan saba'in ta riƙa tsintar ɓawon itace da guntayen shinge. Jonathan, mai zafin rai ne kuma yana sha, ya kwaso matarsa da yaransa ya tare a gidan, uwarsa ta koma ɗaki ɗaya a gidan da ta gina da guminta. Ta rubuta ɓacin ranta, ta rubuta roƙon Allah ya shirye shi ya kuma ba ta juriya. Ba ta kai ƙararsa ko'ina ba. A watan Yuli na 1806 wani maƙwabcinsu, James Purrinton, ya kashe matarsa da 'ya'yansa cikin dare sannan ya kashe kansa, ɗa ɗaya ne ya tsira. Jaridu da masu wa'azi suka yi ta bayani a kan dalili. Martha da mijinta suna cikin waɗanda suka shiga gidan, ita tana cikin masu wanke gawarwakin da shirya su, ta kuma riƙa zuwa duba wata 'yar gidan da ta yi makonni tana jinyar raunukanta kafin ta cika.

Duk da haka ba ta ajiye aiki ba. Shafukan shekarunta na ƙarshe cike suke da lambu: ranar da ta dasa kabeji, ranar da wake ya tsiro, wanda ta ba iri. Kiran haihuwa ya ragu, sannan ya sake ƙaruwa bayan rasuwar wata ungozomar garin. A farkon 1812, tana da shekara 77, tana hawa doki cikin sanyi tana zuwa, har cikin watan Afrilu. Daga nan jiki ya ƙi. Ranar 7 ga Mayu ta rubuta cewa 'ya'yanta da jikoki sun zo, fasto Benjamin Tappan ya zo ya yi mata magana mai daɗi ya kuma yi addu'ar da ta dace da halinta. Shi ne shafi na ƙarshe. Ta rasu kafin watan ya ƙare, aka yi jana'izarta ranar 31 ga Mayu. Jaridar yankin ta ba ta jimla guda: an rasu a Augusta, Martha, matar Ephraim Ballard, shekara 77. Augusta shi ne sunan da ɓangarensu na garin ya ɗauka bayan an raba Hallowell a 1797. Ephraim ya rayu har 1821.

Littafin ya zauna a hannun 'yarta Dolly, daga ita ya koma ga 'ya'yanta mata. A 1884 suka miƙa shi ga wata jikanyar jikar Martha, Mary Hobart, wadda ta gama karatun likita a shekarar, shekarar da ƙungiyar likitocin Massachusetts ta fara karɓar mata. A danginsu akwai wata ma da ta bi hanyar jinya: Clara Barton, wadda ta kafa ƙungiyar Red Cross ta Amurka a 1881, jikar 'yar'uwar Martha ce. Likita Hobart ta adana takardun, a 1930 ta ba ɗakin karatu na jihar Maine.

Marubutan tarihin garin sun san da littafin tun da daɗewa. James North, wanda ya wallafa tarihin Augusta a 1870, ya ɗan tsakuro daga ciki ya ce sauran maimaici ne da ba zai amfani jama'a ba. Wani da ya biyo bayansa ya kwafi wani kaso ya tsallake abin da ya ga ƙananan hidimomin gida ne, da abin da ya ga bai dace a buga ba. Sai da Laurel Thatcher Ulrich, malamar tarihi a jami'ar New Hampshire, ta zauna da shi shekara takwas. Maimaicin da aka raina shi ta bi: ta ƙirga haihuwa, ta ƙirga wanki da saƙa, ta jera sunayen masu shiga da fita gidan, ta gwada su da takardun kotu da na haraji da littafin Sewall. Littafinta, A Midwife's Tale, ya fito a 1990, ya ci kyautar Pulitzer ta tarihi a 1991, aka kuma yi fim a kansa. Asalin takardun Martha suna nan a ɗakin karatun jihar a Augusta, an kuma ɗauki hoton kowane shafi an sa a intanet tare da kwafin da aka buga, yadda ɗalibi a Zariya ko Damagaram zai iya buɗe ranar da ya ga dama ya karanta da kansa.